Yadda ake cire tsohon fenti daga kujerar mota ta fata

Fatar kujerar mota ba irin wadda ake jemewa da bagaruwa a majemar Birni ta Damagaram ba ce, wadda in dukawa suka rina ta launi ke shigewa cikin jikinta. Ta mota yawanci da sinadarin kurom ake jeme ta, a fesa mata fenti a sama, sannan a rufe da wani siririn shafe mai kama da leda. Wannan shafen ne ranar Damagaram ke gasawa har ya tsattsage, alhali fatar da ke ƙasa lafiyarta lau. Shi ake son ɗaukewa, ba tare da an ci fuskar fatar ba.

In za a fitar da kujerar daga mota, a kashe mota, a cire wayar batir ta gefen maras wuta, a jira kamar minti 10 kafin a taɓa fulogi mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashinta. Na jakar iska ne, wadda ke buɗewa lokacin haɗari.

Wanki ne farko. Ƙurar hunturu da ta maƙale a cikin ɗinki, in ta haɗu da soso, karce fatar take yi. A kakkaɓe da buroshi mai laushi, a wanke da ɗan sabulun ruwa, cokali 1 a lita 1, da tsumman da aka matse sosai.

Sai a duba da kyau: motoci da yawa gaban kujera ne kawai fata, gefe da baya roba ce da aka yi wa zanen fata. Asiton, sinadarin cire fenti da za a yi amfani da shi, na narkar da roba, haka ma murfin maɓallan gefen kujera, don haka a rufe su da takarda da salatif.

A fara da alkol mai ƙarfin digiri 90, a wurin da ido ba ya gani. Idan an taɓa fesa wa kujerar fenti a gareji, sau da yawa alkol kaɗai na ɗaga shi, ya yi ta murmushewa. In ya ƙi, sai asiton. A zuba shi a kan soson goge tukunya maras kaifi, ba a kan fatar ba, a goga wuri kamar faɗin tafin hannu, nan take a share da farin tsumma kafin abin da ya narke ya sake daskarewa. A nan masu gaggawa ke ɓata aiki: su kwarara sinadari a kujera duka, ya bi ramukan ɗinki ya shiga katifar ciki, ya tsotse man fatar ta ƙandare kamar ƙirgi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, asiton na tashi cikin daƙiƙu kaɗan, saboda haka da sassafe ake yi, a inuwa mai iska, da safar hannu. Garwashin mai shayi da taba su yi nisa, abin yana kama wuta.

Ba dole sai an kankare komai ba. Fentin kamfani da ya kama gam, ba ya ɓarewa ko an karta da farce, a bar shi, a dai dushe ƙyallinsa da samfefa mai lamba 600, a bi da 800. Hannu sama-sama, kuma a kauce wa zare, domin samfefa na tsinka shi. Da an ga wuri ya fara gashi-gashi, an wuce iyaka, a tsaya.

Gwajin ƙarshe ɗigon ruwa ne. In fatar ta sha shi wurin ya yi duhu, shafen ya fita, in ya tsaya dunƙule yana nan. A goge ƙurar samfefa da alkol, a bar kujerar ta kwana a inuwa. Kada a shafa mata man kaɗe, man gyaɗa ko man ƙyalli na dashbod kafin sabon fenti: maiƙo da silikon na hana shi kamawa, ya riƙa ɓarewa daga gefen da direba ke shiga.