Ga masu zuwa kallon tsuntsaye a fadamun bakin teku

Jama'a, kafin ku tsayar da lokacin haɗuwa ranar Asabar, ku fara duba jadawalin cikar teku. Ku isa kamar awa 2 kafin ruwa ya cika. Yayin da yake hawowa yana rufe taɓon da tsuntsaye ke kiwo a kai, sai su yi ta matsowa gaɓa har ku gan su da kyau. In ruwa ya janye kuwa, can nesa za su watse, ko madubin hangen nesa mai 8x42, wato mai ƙara girman abu sau 8, ba zai fisshe ku ba.

Ku ba rana baya, ku bar fararen kaya a gida. Hira kuma, don Allah a adana ta sai an zauna cin abinci, zalɓe ba ya jure hayaniya. Kar a manta maganin sauro.