Yadda Ake Haɗa Makaɗan Jita Da Yawa A Kiɗa Ɗaya Don Tara Kuɗin Taimako

A 2024 Mark Knopfler, makaɗin jita ɗan Birtaniya, ya tara makaɗa sama da 60, galibinsu 'yan jita, suka yi kiɗa zalla na sama da minti 9 don tallafa wa matasa masu ciwon daji a Birtaniya da Amurka. Wasu sun je sutudiyo a Landan, wasu kuwa daga inda suke suka ɗauka suka aiko. Da wannan dabarar za a iya haɗa makaɗan Zariya, na Samaru da na Sabon Gari da wanda ya koma Legas, a tara wa majinyata marasa hali na asibitin Shika abin magani.

Aikin duka a kan kiɗan tushe yake, wato kiɗan da kowa zai ɗora nasa a kai. Furodusa ɗaya tak zai gina shi: ganga, bes (jita mai kaurin murya) da jitar rakiya, a kan mitronom, wato na'urar da ke ƙirga bugu. Ya tsayar da sauri, a ce bugu 100 a minti. Idan kowace gaɓa bugu huɗu ce, gaɓa 16 za ta ci daƙiƙa 38 da 'yan kai. Makaɗa shida, kowa gaɓa 16, da buɗewa da rufewa masu tsawon haka, kiɗan ya ɗan haura minti 5. A rubuta wa kowa gurbinsa: wane daga gaɓa ta 17 zuwa ta 32, wane daga ta 33. In aka ce kowa ya kaɗa yadda ya ga dama, dukkansu wuri mai daɗin nan za su rufa wa, sauran ya zama fayau. Bayan an raba tushen kada a sake taɓa saurinsa, ko da bugu ɗaya ne.

Kowace jita a saita ta da na'ura a kan haz 440, wato ma'aunin murya da aka saba ɗaure jita a kai, kuma a sake dubawa kafin kowace ɗauka, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke motsa itacen. Sabuwar tsirkiya a sa ta kwana biyu kafin ranar, don tana miƙewa. Amma idan za a sa gurmi ko garaya, sai a juya tsarin. Su ba a kan 440 ake ɗaure su ba, kuma fatar tana saki ko ta ɗame gwargwadon yanayi. A fara ɗaukar mai gurmin, a gina tushen a kan muryar gurminsa, jita ta bi. Tilasta wa gurmi bin jita da kwamfuta yana kashe masa gishiri.

Wajen ɗauka, kowa ya saita manhajar ɗaukar sautinsa a kan 48 kilohaz da bit 24, fayil WAV, wanda ba ya matse sauti. Kowane fayil ya fara daga farkon kiɗan, ko da mai shi sai a minti na uku zai shigo. Shirun nan na gaba shi ke sa furodusa ya jera fayilolin su zauna daram ba tare da lalube ba. Ƙarfin sautin kada ya haura -6 a ma'aunin da manhajar ke nunawa. Sautin da ya kai alamar ja a ma'aunin ya fashe, ba ya gyaruwa. A saurari tushen ta abin kunne, ba ta lasifika ba, don kada makirfo ya kwashe shi. Kada a sa amsa-kuwwa, a bar wa mai haɗawa. Kowa ya aiko ɗauka biyu ko uku.

Gunjin nan na “zuuu” da ke bin jitar lantarki daga wuta yake, don tamu 50 haz ce, kuma ya fi tsanani a gidan da ba a ja wayar ƙasa ba ko ana kan janareta. A zare cajar laftof a yi aiki da batir, a kashe fanka, makaɗin ya riƙa juyawa a hankali da jitar har ya sami fuskar da gunjin ya lafa. Ɗakin da ke bakin titi kuwa, keke da babur ba za su bari ba sai dare ya yi.

Fayil mai hanyar sauti ɗaya (mono) na minti 5 yana kai megabait 43. A tura ta Google Drive, ko ta WhatsApp a matsayin takarda (Document). Saƙon murya matse sauti yake yi.

Batun kuɗi a gama shi tun ba a taɓa tsirkiya ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba ta san miƙa haƙƙi da fatar baki ba, sai a rubuce, don haka kowane makaɗi ya sa hannu cewa ya sadaukar da kasonsa. Karin ma ya zama naku. Na wani sai da izininsa. A buɗe asusu mai masu sa hannu biyu, ba na aljihun furodusa ba. Abin da Audiomack, Boomplay da YouTube ke biya kaɗan ne kuma yana ɗaukar watanni, saboda haka a dogara da taron ƙaddamarwa: a gayyaci masu hali, a kunna kiɗan, a karanta abin da aka tara a gaban jama'a, rasit ɗin maganin da aka saya kuma a nuna wa duk wanda ya ba da gudummawa.