Yadda Za Ki Fara Sana'ar Kunun Aya da Zoɓo: Tsari, Jari da Neman Kasuwa

Duk wadda ta yi niyyar fara sana'a, tambayar da take fara zuwa bakinta ita ce ina za ta samu jari. Tambayar tana kan hanya, sai dai akwai wadda ta riga ta. Matar da ba ta san nawa robar kunu guda take tsaya mata ba, ko naira miliyan ɗaya aka damƙa mata, kafin a ci rabin shekara kuɗin sun zurare, ita kanta ba za ta iya faɗin inda suka bi ba. Na ɗauki sana'ar kunun aya da zoɓo na roba ne domin ana iya fara ta daga kicin ɗin gida, kuma saurin lalacewar kayan yana tona asirin rashin lissafi nan take. Mata nake yi wa magana saboda su suka fi riƙe wannan sana'a, amma matashin da ke shirin kafa teburin shayi ko shagon cajin waya zai tarar matakan duk ɗaya ne.

Mataki na 1: Ki san wanda zai sha

Kafin ki auno ko mudu ɗaya na aya, ki zaga unguwarku a matsayin mai saye. Shaguna nawa ne suke da firij, wane abin sha suke ajiyewa, nawa suke sayarwa, wa yake kawo musu? Ki sayi na mutum biyu ko uku ki ɗanɗana. Wata ruwa ya yi wa nata yawa, wata sukari ya danne ɗanɗanon ayar, wata kuma kunun ya yi daɗi amma tsohuwar robar lemo ce aka tsinto aka ɗauraye aka zuba. Inda suka gaza, nan za ki shiga.

Masu saye kala uku ne. Mai shago yana karɓa sari, ribar kaɗan ce amma kullum ce. Masu biki da suna da walima suna yin oda mai yawa lokaci-lokaci, kuma za ki iya karɓar kafin alƙalami. Sai ma'aikatan ofis da ɗalibai, masu sayen ɗaiɗai a farashi mai kyau, amma kai musu kaya yana cin kuɗin mota. Ki zaɓi ɗaya ki fara da shi. Ki kuma sa lokaci a lissafinki: daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta, kasuwar abin sha mai sanyi tana ci, da hunturu ya kama kuwa sai ta ja baya. Azumi babbar kasuwa ce, amma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ba kullum yake faɗowa cikin zafi ba.

Mataki na 2: Lissafin roba guda

A nan ake cin riba, a nan kuma ake karyewa, saboda haka zan ɗan daɗe a kai. Ki ɗauki littafi ki rubuta duk abin da haɗi ɗaya ya ci: aya, dabino, kwakwa, citta, kanumfari, sukari, kuɗin niƙa, ruwa mai tsafta, sababbin robobi da murafensu, sitika, ƙanƙara ko man janareta, gas ko gawayi na dafa zoɓo, kuɗin Adaidaita Sahu zuwa kasuwa da dawowa, har da katin wayar da kika yi magana da masu saye. Ƙananan nan su ne ake mantawa, kuma su ne suke cinye ribar.

Ga misali da alƙaluma na kwatance kawai, ke za ki sa farashin kasuwarku na ranar. A ce haɗi ɗaya ya ci naira 12,000, ya ba ki roba 40. Kowace roba ta tsaya a naira 300 ke nan. To amma wuta ta ɗauke da dare, roba biyu sun yi tsami, yara sun sha ɗaya, an ba baƙuwa ɗaya. Saura 36, kuma yanzu kowace ta tsaya miki a kusan naira 333. In kin sayar da hannunki a 400, cinikin 14,400 ne, riba 2,400. In mai shago ya ce sai dai 350 domin shi ma ya samu na cefane, cinikin ya koma 12,600, ribar yinin gaba ɗaya naira 600. Wannan fa ba a sa ladan wahalarki ba, tun daga jiƙa aya zuwa tata da ɗurawa. Wadda ba ta yi wannan lissafi ba za ta riƙa ganin kuɗi suna shiga hannunta kullum, ta ɗauka tana samu, alhali uwar kuɗin take gutsura.

Lissafin zai nuna miki wurin gyara. Wataƙila girman robar za ki rage, wataƙila sayen aya a kwano-kwano a shagon unguwa ne yake cutar ki. A Kano, Kasuwar Dawanau ita ce matattarar kayan amfanin gona da ake sara da buhu, sukari kuma a Kasuwar Singer. Busasshen zoɓo, wanda Jigawa ta yi suna wajen nomansa, yana sauƙi bayan kaka kuma yana ajiyuwa watanni idan wurin ba danshi. Ki kuma lura da bambancin kayan biyu: kunun aya ba ya jure rashin sanyi, cikin yini zai iya juyawa, zoɓo kuwa ya fi shi haƙuri. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, zoɓo ya zama na kullum, kunun aya kuma sai an yi oda.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin sufuri da na kaya bai tsaya wuri ɗaya ba. Ki riƙa sabunta lissafin duk lokacin da kika je sari.

Mataki na 3: Gwaji da abin da ke hannu

Ki yi mako biyu ko uku kina haɗa kaɗan da kayan gida, ki kai wa shago ɗaya ko biyu. Kada ki dogara da yabon 'yan uwa, su ko ba daɗi cewa za su yi ya yi. Wanda ya ciro kuɗinsa ya saya, gobe ya dawo, shi ne shaida. Daga ranar farko ki raba kuɗin sana'a da na gida, ko da asusu daban ne a waya ko gwangwani daban. Ki yanka wa kanki albashi na mako, komai ƙanƙantarsa, ki ci daga nan. In maigida ya ranci na cefane daga ciki, a rubuta, a kuma mayar.

Mataki na 4: Inda za a samo jari

Yanzu kin san abin da kike nema da kuma dalili, misali firiza, injin markaɗe, sarin buhun aya da ƙullin robobi. Ki bi hanyoyin daga mai sauƙin haɗari zuwa mai nauyi.

Ajiyarki ita ce gaba, ko kuɗin akuyar da kika sayar. Sai adashe, wanda har gobe shi ne bankin mata da yawa. Ki roƙi uwar adashe ta ba ki ɗauka ta kusa da farko, ki tabbata zubin bai fi ƙarfin ribar da gwajinki ya nuna ba, kuma ki shiga cikin mutanen da kika san gidajensu.

Kuɗin dangi suna da daɗin karɓa, suna kuma raba zumunci idan ba a fayyace ba. Tun farko a faɗa: kyauta ce, rance ne, ko haɗin gwiwa? In rance ne, a rubuta adadi da ranar biya a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. In yayanki zai zuba kuɗi ke ki yi aiki, wannan shi ne mudaraba a fiƙihu: ana raba riba bisa kason da aka amince, kamar rabi da rabi, asara kuma tana kan mai kuɗi muddin ba sakacinki ne ya jawo ta ba. A faɗa masa wannan ƙarara tun kafin ya miƙo, domin wasu suna son riba irin ta haɗin gwiwa tare da tabbaci irin na rance.

Ga wadda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus kuma a 2021. Tsarin da ya fi dacewa da sayen firiza shi ne murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar miki da riba sananniya, ki biya kaɗan-kaɗan. Za su so ganin shige da ficen kuɗi a asusunki, a nan littafinki da asusun sana'a za su yi miki rana. Bankin Masana'antu, BOI, yana ba ƙananan masana'antu rance, hukumar SMEDAN kuma tana rajistar ƙananan 'yan kasuwa da ba su horo. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe neman tallafi a farkon Janairu kowace shekara, waɗanda aka zaɓa suna samun horo da jarin dala 5,000, kuma cike fom ɗin kyauta ne. Masu nema suna da yawa ƙwarai daga ko'ina a Afirka, saboda haka ki nema, amma kada ki jingine sana'a kina jiran sa.

Abu biyu ki guje su. Manhajojin bashi na waya masu ba da kuɗi cikin minti biyar, ruwansu ya fi ƙarfin ribar kunu, wasunsu kuma idan an makara sukan bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi. Sai saƙonnin WhatsApp masu cewa an zaɓe ki a tallafin gwamnati, ki turo kuɗin rajista ko lambar sirrin da banki ya aiko miki. Wannan damfara ce, ko da tambarin wace hukuma aka manna.

Mataki na 5: Rajista

Ba sai ranar farko ba, amma kada a daɗe. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ana yin ta ta intanet, kuma da takardar ne banki zai buɗe miki asusu da sunan sana'a. Abin sha da aka ɗura a roba aka sa masa suna yana ƙarƙashin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, manyan kantuna kuma ba za su karɓa ba sai da lambarta. Jami'anta sukan duba wurin da ake haɗawa, don haka tun yanzu ki ware wuri mai tsafta, ki saba da rufe kai da amfani da sababbin robobi, ki riƙa rubuta ranar da aka haɗa.

Mataki na 6: Talla

Robarki ita ce tallarki ta farko. Sitika mai suna gajere da lambar waya a rubuce ɓaro-ɓaro ta isa, domin wanda ya sha a wurin biki ya ji daɗi, lambar zai nema. Ki sauke WhatsApp Business, ki jera kayanki da farashinsu, ki riƙa sa hoto a sitatus da hantsi, kafin rana ta take mutane su fara neman abin sanyi. Hoton ki ɗauka da wayarki a hasken rana, kada ki kwaso na wasu a intanet. Gajeren bidiyo a Facebook, Instagram ko TikTok da ke nuna yadda ake wanke aya da tace ta ya fi dogon rubutu jan hankali, saboda abin da mai saye ya fi tsoro a abin sha na gida shi ne ƙazanta. Ba dole fuskarki ta fito ba, hannu da kayan aiki sun wadatar.

A ganina, a watannin farko kuɗin da za ki biya wani mai mabiya da yawa ya tallata ki gara ki mayar da su ɗanɗano. Ki kai roba biyar ga mai girkin biki, mai kwalliyar amare, ko wadda ke kula da kantin makarantar Islamiyya. Waɗannan su ake tambaya wa ke yin kunu mai kyau. In sun kawo miki oda, ki ba su ɗan lada da kuka yi yarjejeniya a kai. Ki samar da hanyar biya ta tiransifa, ko na'urar POS in ciniki ya kai. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya saba wa mutane da biya ta waya, da yawa ba su koma ba. Kada kaya ya bar gida sai kin ga kuɗin a asusunki da idonki, hoton rasit ba shaida ba ne.

Mataki na 7: Bashi da ƙara girma

Maƙwabta za su aiko yaro a ba su, wai anjima za a kawo kuɗin. Ki sa iyaka: wanda bai biya na jiya ba, ba ya karɓar na yau. Mai shago kuma ku yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya yi kwantai, musamman idan firij ɗinsa ne ya mutu. Odar biki kuwa, rabin kuɗi a hannu kafin ki jiƙa aya.

Bayan wata uku ki zauna da littafinki ki duba abu uku: wane kaya ya fi kawo riba, wane mai saye ya fi biya a kan lokaci, kuma roba nawa kike zubarwa a mako. In asarar tsami ce ta fi yawa, kuɗin farko da kika tara na firiza ne ko sola, ba na ƙarin sitika ba. In kuma oda ce ta fi ƙarfin hannunki, ki ɗauki mai taya ki aiki, ki sa ladanta cikin lissafin roba guda, ki sake fitar da farashi kafin ki karɓi oda ta gaba.