Ga mai shirin zuwa Agadas

'Yan uwa, duk mai niyyar zuwa Agadas ya saka tafiyarsa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don zafin bazara a can ba wasa ba ne. Sai dai sanyin dare yana ratsa ƙashi, a riƙe bargo, da rawani saboda ƙura.

Daga Damagaram ta Tanut tafiyar ta haura kilomita 400, garuruwa kuma nesa da juna. A cika jarka da ruwa, a canji sefa tun kafin a tashi.

In an isa, a je a ga hasumiyar Babban Masallaci, ginin laka mai tsayin mita 27, itatuwa sun leƙo ta ko'ina a jikinta. Amma don Allah kada a nufi duwatsun Azbin ba ɗan jagora, kuma a fara tambayar halin tsaron hanya.