Kurakuran da aka fi yi wajen jinyar yara da rigakafi, da yadda za a gyara

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, duk yaron da jikinsa ya yi zafi a Kaduna sunan ciwonsa maleriya tun kafin wani ya duba shi. A Rigasa ne ko a Kawo, tsarin ɗaya ne: a aiki yayansa kemis da 'yan kuɗi, a ce a haɗo na zazzaɓi. Sau da yawa zaton yakan yi daidai, shi ya sa ɗabi'ar ta zauna. Amma ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, limoniya, ƙyanda da sanƙarau duk da zafin jiki suke farawa, kuma maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Gyaran ba shi da wuya: ɗigon jini ɗaya daga yatsa, a jira minti 15 zuwa 20, gwajin maleriya ya nuna. In ya nuna babu, kada a ce na'ura ce ta yi ƙarya a ba da maganin duk da haka. A leƙa kunne, a duba maƙogwaro, a saurari ƙirji. Haka ma gwajin Widal da ake yi wa kowa a ce masa taifot. Shi kaɗai bai isa a ɗora yaro kan ƙwayoyi na mako biyu ba.

In kuwa maleriyar ce, kuskuren ya koma wajen shan maganin. Haɗin da ake bayarwa yanzu, irin su Coartem, sau 6 ake sha cikin kwana 3, kuma nauyin yaro ne ke yanke yawan ƙwayar, ba ƙiyasin ido ba. A ba shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo, don ya fi shiga jiki. In ya yi amai kafin rabin awa, a sake ba shi. Abin da aka fi yi shi ne, rana ta biyu yaro ya tashi yana wasa, sai a ɗaga sauran a ajiye wa ƙaninsa. Bayan kwana goma zazzaɓi ya dawo, a ce maganin jabu ne. Kulorokwin kuma tun 2005 Najeriya ta daina sa shi a matsayin maganin farko, domin ƙwayar cutar ta riga ta saba da shi. Masu cewa "Likita, a yi masa allura dai, ta fi ƙarfi" su sani allura ta yaron da ba ya iya haɗiya ce ko wanda ciwon ya yi wa tsanani, kuma wannan kwanciya asibiti ce ta kama shi, ba benci a bayan shago ba.

Inda na fi ganin ana asarar yara a banza shi ne tari. Lokacin hunturu kusan kowane yaro yana tari da majina, yawancinsa mura ce, za ta wuce da kanta ba tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. A cikin wannan taron ne limoniya take ɓuya, ana ta ba yaro maganin tari na kwalba ana cewa sanyi ne ya kama shi. Abin da ke raba su numfashi ne, kuma uwa ma za ta iya ƙirgawa. A ɗaga riga lokacin da yaron yake kwance shiru, a kalli agogon waya, a ƙirga minti ɗaya cur. Jariri ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, kada a kwana da shi a gida. Maganin farko Amoxicillin ne, akwai wanda ke narkewa a cokalin ruwa ko nono, a sha har ranar da aka ce. Wannan laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Ma'aikacin da layi ya yi masa yawa yakan rubuta magani bai ɗaga rigar yaro ba, alhali minti ɗaya ne kawai aikin.

Sai gudawa, wadda aka laƙaba wa haƙori. Gaskiya ne yaro yakan yi ƙiwa da dalalar miyau in haƙori zai fito, amma zawo da zazzaɓi mai zafi ba aikin haƙori ba ne. Shekarun ne suka zo ɗaya: lokacin ne yake rarrafe, yana kai komai baki, an kuma fara ba shi kunu. Magungunan haƙori kuwa, a tuna cewa a 2008 wani irinsu da ya gurɓace ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. Abin da gudawa take kashewa da shi ƙarewar ruwan jiki ne. Maɗigar da ta faɗa, idon da ya zurma, fitsarin da ya ɗauke, duk ruwa suke nema, ba shafe-shafe a tsakar ka ba. A haɗa ruwan gishiri da sukari na leda a daidai ruwan da aka rubuta a jiki, yawanci lita 1, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba. Kada a janye nono. Flagyl da ake ɗura wa yara ba shi da aiki a yawancin gudawa, in kuma an ga jini a kashin, asibiti za a nufa.

Jijjiga ba ta buƙatar dogon bayani. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko jiƙo, kada a kanga ƙafa a wuta. A kwantar da shi a gefensa, a rage masa kaya, a nemi abin hawa. Yaron da ya yi jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko yake amayar da komai, ko ba ya farkawa sosai, ƙaramin asibitin unguwa tura shi zai yi gaba, manyan asibitoci irin Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho, ko na Shika ga mutanen Zariya. In an ba da takardar turawa, a tafi a ranar. Komawa gida jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ci rayuka da yawa.

A rigakafi, babban ruɗanin shi ne ɗaukar ɗigon shan inna da ake bi gida-gida a matsayin rigakafin gaba ɗaya. "Ai an yi masa, har sau nawa." Wannan na cuta ɗaya ne. Sauran sai an je asibiti: ranar haihuwa a yi na tarin fuka da na ciwon hanta, sannan a koma a mako 6, mako 10 da mako 14 don allurar nan mai haɗin cuta biyar, wadda ta ƙunshi mashaƙo, tarin shiƙa da sandarewa, tare da ta limoniya da ɗigon gudawa da aka ƙaro a 2022. A wata 9 a yi na ƙyanda, shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita na ƙyanda. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, don yaro ya fara tafiya, wataƙila uwar ma ta samu wani cikin. Mashaƙon da ya ɓarke a Arewa daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano, ya kuma taɓa Kaduna, yawancin waɗanda ya kama ba su kammala waɗannan allurai ba.

Zafin jiki da kumburin cinya bayan allura yakan sa uba ya ce ba za a sake kai masa ɗa ba. Kwana ɗaya ko biyu ne ya wuce, Paracetamol daidai nauyin yaro ya wadatar. Da ma'aikaciya za ta faɗa wa uwa haka tun kafin ta tsira allurar, da rigimar gida ta ragu. Mura ko ɗan zawo ba sa hana rigakafi, kuma kuskure ne a mayar da uwa gida saboda su. Wanda ya tsallake wata biyu ko biyar ba a sake masa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Faɗa da harara a gaban jama'a ne ke sa uwar ba ta ƙara dawowa.

Kwalbar allurar ƙyanda da ta tarin fuka ta yara da yawa ce, in an haɗa ta kuma bayan awa 6 zubarwa ake yi. Shi ya sa wasu asibitoci suke ware musu rana. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma tsarin shi ne kowace ta samu cibiyar lafiya matakin farko, to a tambayi ranar ta kusa da gida tun kafin a biya kuɗin keke. Katin kuma a riƙa zuwa da shi ko da ciwo ne ya kawo yaron, a ɗauki hotonsa a waya. In ya ɓace, akwai rajista a asibitin da aka fara, a koma can a nemi su duba.