Darasi na Takwas: Yaranmu da Wayoyin Wuta

Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta, akwai wani ƙarfi da ke kewaye da ita wanda ido ba ya gani. Iri biyu ne, na lantarki da na maganaɗisu. Na lantarki, bango yana tare shi, ko bishiya ma tana rage shi. Na maganaɗisu kuwa ratsa bango yake yi, ko da na siminti ne. Sai dai yana raguwa da sauri in an ja baya, kamar zafin murhu.

Yara suna cikinsa kullum, a gefen firji da fanka da dutsen guga, da wurin injin markaɗe mai aiki da wuta. Waɗannan ba abin tayar da hankali ba ne, don da an matsa taku ɗaya ko biyu, saura kaɗan ne.

To, yana cutarwa? A 1979 wani bincike a birnin Denba na Amurka ya fara nuna alamar cewa sankarar jini ta ɗan fi yawa ga yaran da ke zaune kusa da manyan wayoyi. A 2002 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙarfin maganaɗisu a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" su jawo sankara. A lura da kyau, ba a tabbatar ba. An ga alamar ne kawai a gidajen da ƙarfin ke da yawa dare da rana, kuma irin waɗannan gidaje kaɗan ne.

Duk da haka, rigakafin ba ya cin ko sisi. Dubi mai tuyar awara da ta kafa kaskonta a gindin taransifoma, ta shimfiɗa wa jaririnta tabarma a jikin shingen, daga safe har magariba. Ga ƙarar da taransifomar ke yi, ga waya tsirara tana lilo. Haba! Babban haɗari a nan ma shi ne jan wuta da gobara, masu kashewa nan take. Ta matsa gaba, ciniki ba zai gudu ba.

A Najeriya ba a yarda a yi gini ƙarƙashin manyan wayoyi ba. Layi mai kilobolt 330 (kilobolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar layi) ana bar masa mita 25 ta kowane gefe, mai 132 kuma mita 15. In za ka sayi fili ko ka kama haya, fara ɗaga kai sama. A cikin gida kuma, kada a ajiye shimfiɗar yaro a jikin bangon da mitar wuta take.

Aikin gida

1. Wane ƙarfi ne yake ratsa bango?
2. Auna da takunka daga ƙofar gidanku zuwa taransifomar unguwa. Rubuta adadin a littafinka.
3. Rubuta kayan wuta uku da ke ɗakin da yaranku ke kwana, a kawo aji mu tattauna.