Yadda ake gyara rayuwar yau da kullum da ɗabi'a ɗaya-ɗaya

Da yawa daga masu niyyar gyara rayuwarsu tun ba a je ko'ina ba suke sarewa. Sun kwashi kaya da yawa ne lokaci guda: an daina shan zaƙi, an fara gudu da sassafe, an yi alkawarin kwanciya da wuri, duk a rana ɗaya. Kafin kwana goma jiki ya yi tsami, sai a koma gidan jiya. Abin da na ga yana ɗorewa shi ne a kama abu ɗaya, a riƙe shi har ya zama jiki, sannan a ɗora wani a kai.

Fara da barci. A ganina shi ne tushe, domin wanda bai yi barci ya ƙoshi ba, ba shi da kuzarin motsa jiki, ba shi da haƙurin zama da mutane, kwaɗayin zaƙi ma ƙaruwa yake yi masa. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare. Tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har ranar hutu, sai ka yi lissafi baya: idan ƙarfe 6 za ka tashi, ƙarfe 11 ta same ka a kwance. Da duhu ya yi jiki yake fitar da sinadarin melatonin mai jawo barci, haske mai ƙarfi kuma yana jinkirta shi, don haka rage fitila awa ɗaya kafin kwanciya. Na daɗe ina kwana da waya a ƙarƙashin matashi. Da niyyar duba saƙo ɗaya nake ɗaukarta, in farga ƙarfe 1 ta wuce, idona na yaji, yatsana bai daina shafa fuskarta ba. Ban rabu da wannan ba sai da na mayar da wurin cajin can bakin ƙofa, inda dole in miƙe kafin in taɓa ta. Masu shan kofi kuma su sani, bayan kimanin awa 5 rabin kafeyin, wato sinadarin kofi mai hana barci, yana nan cikin jini, don haka na yamma ba ya rasa taɓa barcin dare.

Idan barci ya daidaita na 'yan makonni, sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato ko minti 30 sau biyar ya kai ka. Tafiya da sauri ta wadatar. Ga yadda za ka auna: kana iya magana, amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba. In minti 30 ya yi maka nauyi, raba shi goma-goma. Kwana biyu a mako kuma ka ba tsoka aiki, ko da tsugunnawa da miƙewa ne a tsakar ɗaki.

A ɓangaren abinci ba sai an tsawaita ba. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda. Ganye da 'ya'yan itace a samu giram 400 a rana. Abin sha mai sukari, maye gurbinsa da ruwa ko da sau ɗaya ne a yini.

Na huɗu, mutane, kuma shi aka fi mantawa idan ana zancen lafiya. Jami'ar Harvard ta Amurka tana bin rayuwar wasu mutane tun 1938, abin da ya fi fitowa fili a binciken kuwa shi ne masu kyakkyawar alaƙa da na kusa da su sun fi lafiya da kwanciyar hankali a tsufa. Zumunci a ƙafa yake. Zaɓi mutum ɗaya kowane mako, ka je ka gan shi ko ka kira shi ku ji muryar juna, waya kuma a kife idan kuna zaune tare.

Saura yadda za a sa su zauna. Ɗaura sabuwar ɗabi'a a jikin tsohuwa: bayan goge baki da safe, kofin ruwa, bayan abincin dare, zagaye na minti goma. Kada kuma ka ƙosa. A binciken da wata masaniya mai suna Phillippa Lally ta jagoranta a jami'ar University College London da ke Ingila, kimanin kwana 66 ɗabi'a take ɗauka kafin mutum ya riƙa yin ta ba tare da tunani ba, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu har 254. An kuma ga tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Idan ka fashe yau, kada ka ninka gobe don ramuwa, yi adadin da ka saba a lokacin da ka saba, ka sa alama a kalanda.